Atisayen tsokokin ƙasan mara ko ƙwayar magani: wanne ya dace da matsalarka?

Idan namiji ya ce ya samu rauni, yawanci ɗaya daga cikin abubuwa uku yake nufi, kuma sau da yawa shi kansa bai tsaya ya rarrabe su ba. Akwai wanda gabansa ba ya miƙewa sosai, ko ya miƙe amma ya kwanta tun ba a je ko'ina ba. Akwai wanda miƙewarsa lafiya lau take, damuwarsa saurin inzali, kafin ya ankara an gama. Akwai kuma wanda sha'awar ce ta gushe masa ɗungurungum. Kowanne da tushensa, kowanne da maganinsa. Duk gardamar da ake yi kan ko atisayen tsokokin ƙasan mara ya fi ƙwayar magani, ko ƙwayar ce ta fi, ba ta amfanar mutumin da bai san wanne ne nasa ba.

Na ukun bari in cire shi tun yanzu. Gushewar sha'awa babu ruwanta da tsoka, ƙwayar miƙewa kuma ba ta dawo da ita. Tushenta yakan zama damuwa, ko gajiya da ƙarancin barci, ko saɓani tsakanin miji da mata, ko wani magani da mutum yake sha, ko ƙarancin sinadarin maza da ake kira testosteron, wanda gwajin jini da safe ke nunawa. Mai wannan ya nufi likita kai tsaye. Sauran biyun su ne zancenmu.

Ƙashin ƙugu kamar ƙwarya yake wadda aka fasa gindinta. Abin da ya rufe gindin shimfiɗar tsoka ce, ta taso daga ƙashin da ke ƙasan mara ta gaba, ta miƙe har ƙashin ƙarshen gadon baya. Ita ke tallafe da mafitsara da ƙarshen hanji, ta cikinta hanyar fitsari da dubura suka ratsa. Duk lokacin da ka riƙe iska a cikin mutane, ko ka danne fitsari har ka kai banɗaki, ita ta yi maka aikin. A ƙarƙashinta akwai wasu ƙananan tsokoki da suka fi shafar maganarmu. Azzakari bai tsaya inda ido yake gani ba, yana da saiwa biyu a ciki manne da ƙashin ƙugu hagu da dama, kowace da tsokar da ta lulluɓe ta. Sai kuma ta tsakiya, wadda ta naɗe gindin hanyar fitsari a bayan maraina. Ita ke harbo maniyyi lokacin inzali, ita kuma ke matso ɗigon fitsari na ƙarshe.

Miƙewar gaba aikin jini ne. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin saƙo kan sa hanyoyin jini su saki su buɗe, jini ya cika wasu sassa biyu masu kama da soso, su kumbura su danne hanyoyin da jinin zai bi ya koma. Daga nan tsokokin saiwar nan su matse, ƙarfin jinin da ke ciki ya haura har ya wuce na sauran jiki, shi ne taurin da ake ji. Ke nan abu biyu ake bukata: jini ya shiga da yawa, kuma ya zauna. Ƙwayar magani ta fi taimaka wa shigar, atisaye kuma zaman yake gyarawa.

Sunan da atisayen ya fi shahara da shi na wani likitan mata ne ɗan Amurka, Arnold Kegel, wanda a 1948 ya wallafa yadda yake koya wa mata matse waɗannan tsokoki don magance kuɓucewar fitsari bayan haihuwa. An daɗe ana ɗaukarsa abin mata, har yau ma wasu mazan kunya suke ji idan an ambata musu, alhali kowane namiji yana ɗauke da wannan tsoka. Binciken da ya fi jawo hankali zuwa ga maza shi ne wanda wata likitar fisiyo (mai gyaran jiki ta hanyar atisaye) a Ingila, Grace Dorey, ta yi da abokan aikinta, aka wallafa a 2004. Maza 55 ne masu raunin miƙewa. Aka raba su gida biyu: gida ɗaya aka ba su shawarar gyaran rayuwa kawai, kamar rage ƙiba da barin taba da rage giya, ɗaya gidan aka haɗa musu da atisaye ƙarƙashin kulawa. Bayan wata 3 masu atisayen sun yi wa sauran nisa, sai aka sa sauran ma suka fara. Da aka cika wata 6, kashi 40 cikin 100 sun koma daidai, kusan kashi ɗaya cikin uku sun samu sauƙi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa babu abin da ya canza musu.

Masu tallar atisayen sukan ambaci kashi 40 ɗin su yi shiru da sauran. Ni ina so mutum ya riƙe lissafin gaba ɗayansa. Mutum ɗaya cikin huɗu ya yi wata shida yana ƙoƙari bai ga komai ba, kuma maza 55 ba su da yawa a ma'aunin bincike. Sannan waɗannan mutane ƙwararriya ce ta koya musu, ta auna ƙarfin matsewarsu da na'ura, ta gyara musu kuskure. Duk da haka, abin da ba ya cin ko kwabo, ba ya sa ciwon kai, kuma ya maido da mutum huɗu cikin goma daidai, ya wuce a raina shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne gano tsokar. Ni kaina na fara atisayen ne saboda ɗigon nan da ke biyo baya idan mutum ya gama fitsari ya miƙe, ya ji danshi a wando. Mako biyu na yi ina matse ɗuwawu da cinyoyi, ina ƙulle ciki ina riƙe numfashi, ina jin kamar aiki nake yi sosai tunda har gajiya nake yi. Ɗigon bai ragu ba ko kaɗan. Sai da na tsaya gaban madubi na ga cewa wurin da ya kamata ya motsa bai taɓa motsawa ba.

Ga yadda ake dubawa. Ka tuɓe ka tsaya gaban madubi, ƙafafu a ɗan buɗe. Ka yi kamar za ka hana iska fita, a lokaci guda kuma ka yi kamar za ka ja azzakari ciki ka gajarta shi, yadda kunkuru ke mai da kansa cikin ƙoƙonsa. Idan ka dace za ka ga gindinsa ya ɗan nutsa, maraina sun ɗan ɗago sama. Ka ɗora yatsa biyu tsakanin maraina da dubura, za ka ji wurin ya ɗaga ya yi tauri, idan ka saki ya sauko ya yi laushi. Ɗuwawu kada su motsa, gwiwoyi kada su haɗu, kafaɗa kada ta ɗaga. Ka riƙa ƙirgawa da baki kana matsewa, domin mai magana bai riƙe numfashi ba. Wasu kan gano tsokar ta hanyar tsayar da fitsari a tsakiya. Wannan gwaji ne na sau ɗaya ko biyu, kada ya zama shi ne atisayen, don yawan yin haka na iya hana mafitsara juye abin da ke cikinta gaba ɗaya.

Idan ka gano ta, ka matse na daƙiƙa 3 zuwa 5, ka saki na daidai wannan lokaci, sau 10, ka maimaita sau uku a yini. Ka fara a kwance, don a nan ya fi sauƙi, bayan kwanaki ka koma zaune, sannan tsaye. Sannu a hankali ka kai riƙon zuwa daƙiƙa 10, ka ƙara da matsewa mai sauri guda 10 a ƙarshe. Sakin nan da ke tsakani rabin aikin ne, kada ka yi masa gaggawa, sai ka ji wurin ya sauko gaba ɗaya kafin ka sake matsewa. Bayan kowane fitsari ka matse da ƙarfi sau ɗaya ko biyu don fitar da ragowar. Mai raunin miƙewa kuma zai iya matsewa lokaci lokaci yayin saduwa don riƙe taurin. Duk abin bai fi minti biyar ba a kowane zama. Amma tsoka ce kamar ta dantse, ba ta ƙarfi a mako guda. Kafin mako 6 da wuya ka ga wani abu, kuma sai ka cika wata 3 kana yi kullum kafin ka yanke masa hukunci. Idan ka samu abin da kake nema ka daina kwata-kwata, ƙarfin zai koma inda ya fito.

Ita ƙwayar magani labarinta daban. Sildenafil, wanda kamfanin Pfizer ya fitar da sunan Viagra, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris na 1998. Asali don ciwon ƙirji na zuciya aka yi ta gwada shi, sai aka lura da abin da yake yi wa mazan da ake gwajin a kansu. Ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin saduwa, aikinsa kan kai kimanin awa 4, abinci mai maiƙo da yawa kuma yana jinkirta shi. Ɗan'uwansa tadalafil, mai sunan kasuwa Cialis, ya samu amincewa a Amurka a 2003, shi kan kai har awa 36 a jiki, akwai kuma ƙaramin awo na miligiram 2.5 ko 5 da ake sha kullum. Dukansu ba sa tayar da sha'awa, ba sa kuma miƙar da gaba haka kawai. Dole sha'awar ta motsa tukuna, su kuma su riƙe ƙofar jini a buɗe.

Ta fuskar ƙarfin hujja, gaskiya ƙwayar ta yi wa atisaye fintinkau. An gwada ta a kan dubban maza. A babban gwajin da aka wallafa a 1998, kashi 69 cikin 100 na yunƙurin saduwa ya yi nasara ga masu shan sildenafil, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa kashi 22. Ga masu ciwon suga nasarar kan ragu zuwa ɗan fiye da rabi. Kuma a daren farko mutum zai iya ganin sakamako, ko da yake likitoci kan ce a gwada sau da dama kafin a ce bai yi ba. Abin da ba ta yi shi ne gyara tushen. Idan ta bar jiki, komai ya koma yadda yake, gobe sai an sake saya, sai an sake lissafin lokaci. Tana kuma zuwa da nata kayan: ciwon kai, jin zafi a fuska, toshewar hanci, ƙwannafi, wasu su ga abubuwa sun yi shuɗi shuɗi, masu tadalafil kuma wasu su yi ciwon baya.

Akwai haɗari guda da nake roƙon kowa ya riƙe. Duk wanda yake shan maganin ciwon ƙirji na zuciya na dangin naitiret, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe ko ake fesawa a baki, ba ya shan waɗannan ƙwayoyi ko kaɗan. Haɗuwarsu na iya faɗar da jini warwas har a rasa rai. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai shan wasu magungunan furostet (ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ko na hawan jini, sai da izinin likita. Ba a sha fiye da sau ɗaya a yini. Miƙewar da ta wuce awa 4 ba ta kwanta ba kuwa asibiti ake kai ta a daren, don jinkiri na iya lalata gaban har abada. Wannan haɗari shi ya sa nake tsoron magungunan ƙarin ƙarfi da ake tallatawa da sunan na ganye ne zalla. Hukumar magunguna ta Amurka ta sha fitar da gargaɗi bayan ta auna irinsu ta tarar da sildenafil ko tadalafil a ɓoye ciki. Mai ciwon zuciyar da ya guji ƙwaya da gangan zai iya shan ta bai sani ba, a awon da babu wanda ya san yawansa.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Mutumin da yake miƙewa amma taurin bai cika ba, ko yake kwanciya a tsakiya, musamman idan ya canza kwanciya, kuma yana fama da ɗigon bayan fitsari, alamunsa sun fi nuna raunin tsoka. Shi zan ce ya ba atisaye wata uku cur. Mutumin da ya shekara goma sha da ciwon suga, ko jijiyoyinsa suka taɓu saboda rauni a laka, ko ya daina ganin miƙewar asuba gaba ɗaya, matsalarsa tana wajen shigar jini ko wajen saƙo, kuma tsoka ba za ta riƙe jinin da bai shigo ba. Shi ƙwaya ce farkon abin da likita zai duba masa, atisaye ya biyo baya a matsayin ƙari. Akwai kuma saurayin da lafiyarsa ƙalau, yana tashi da miƙewa kowace asuba, amma tun ranar da abin ya ƙi sau ɗaya tsoro ya shige shi, duk lokacin da ya kusanci iyalinsa zuciyarsa na kan ko zai sake faruwa. Wannan ba tsokarsa ce ta gaza ba. Magana da matarsa a fili, da rage wa kansa ɗaukar abin kamar jarrabawa, sun fi masa komai, wani lokaci kuma likita kan ba shi ƙwaya na ɗan lokaci har tsoron ya sake shi. Babu kuma abin da ya hana a haɗa biyun: a sha ƙwaya yau, a ci gaba da atisaye, bayan watanni a duba da likita ko za a iya ragewa.

Saurin inzali kuwa, kafin a kai ga magani sai an tambayi ma'aunin da mutum yake auna kansa da shi, domin maza da yawa lafiyarsu lau, labarin abokai da finafinan batsa ne suka ruɗe su. A wani bincike da aka wallafa a 2005, an ba ma'aurata 500 a ƙasashe biyar agogon ƙirga lokaci: Holan, Birtaniya, Sifaniya, Turkiyya da Amurka. Da aka jera sakamakon daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, wanda ya faɗo a tsakiya minti 5.4 ne, na ƙasa bai kai minti ɗaya ba, na sama ya wuce minti 40. Abin da likitoci ke kira saurin inzali shi ne wanda ke zuwa cikin kusan minti 1 tun farkon rayuwar mutum, ko wanda ya ragu daga baya zuwa minti 3 ko ƙasa, tare da kasa riƙewa da kuma damuwa. Mai minti biyar ko shida da ke neman magani, daidai yake da yawancin mazan duniya.

Ga wanda matsalar tasa ta gaske ce, a nan atisaye ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. A Italiya, a 2014, likita Antonio Pastore da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon maza 40 da suka taso da saurin inzali, dukansu ba sa wuce minti ɗaya. Bayan mako 12 na horar da tsokokin ƙasan mara, 33 daga cikinsu sun samu iko da kansu, matsakaicin lokacinsu ya haura minti 2. Sai dai babu wani gida na biyu da aka kwatanta su da shi, kuma a asibiti aka horar da su, sau uku a mako, da na'urori. Abin da irin wannan horo yake koyarwa bai tsaya ga ƙarfi ba. Mutum yana koyon jin abin da ke gudana a wurin. Maza da yawa masu saurin kawowa suna ƙulle waɗannan tsokoki da zarar sha'awa ta hau, ba su sani ba, ƙullewar kuma tana gaggauto abin. Wanda ya saba matsewa da saki da niyya zai ji lokacin da wurin ya fara ɗaurewa, ya ja dogon numfashi, ya saki. Idan aka haɗa wannan da dabarar tsayawa da ci gaba, wadda likita James Semans ya bayyana tun 1956, wato a dakata idan an ji an kusa, a bari abin ya lafa, sannan a ci gaba, to hanya ce da ba ta bukatar komai sai haƙuri da haɗin kan matar.

Magungunan wannan ɓangare sun fi sauri, kamar yadda aka saba. Dafoksetin, mai sunan kasuwa Priligy, ana shan sa awa 1 zuwa 3 kafin saduwa. Wasu ƙasashen Turai sun amince da shi daga 2009, Amurka ba ta amince da shi ba. A gwaje-gwajensa ya ɗaga lokaci daga kusan minti 1 zuwa kusan minti 3, amma waɗanda suka sha ƙwayar da babu magani a cikinta su ma sun kusa minti 2, abin da ke nuna rawar da zuciya ke takawa. Yana sa tashin zuciya da jiri, wasu har suma, mutane da yawa kan daina shi bayan ɗan lokaci. Akwai man shafawa da maganin fesawa masu lidoken, dangin abin da likitan haƙori ke kashe zafi da shi, suna rage kaifin ji a kan azzakari. Suna aiki, amma idan aka yi yawa daɗin kan tafi tare da matsalar, har miƙewar ta yi sanyi, kuma idan ba a goge ba ko ba a sa kwaroron roba ba, matar ma za ta rasa jin komai. Shi kuwa tiramadol, ko da ka ji an ce yana jinkirta inzali, ka nisance shi. Yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya, ribar minti biyu ba ta kai wannan asara ba.

Akwai mazan da atisayen matsewa zai cutar da su, kuma ba a cika faɗar wannan ba. Idan kana jin ciwo ko nauyi tsakanin maraina da dubura, ko zafi a kan azzakari, ko ciwo bayan inzali, ko fitsari ba ya saurin fitowa sai ka yi nishi, ko zama mai tsawo yana tayar maka da ciwon, mai yiwuwa tsokokinka a ɗaure suke dare da rana. Tsokar da ta kasa saki, ƙara matse ta ƙara mata azaba ne. Mai irin wannan abin da yake bukata koyon saki ne: numfashi mai zurfi da ke kumbura ciki, miƙe cinyoyi da ƙugu, ɗumama wurin, da ganin likita don a tabbatar babu ciwon furostet. Haka kuma duk wanda ya fara atisaye ya ji ciwo ya taso, ya dakata.

Wannan ne ma ya kawo tambayar ko mutum ya yi shi kaɗai ko ya nemi likitan fisiyo da ya ƙware a wannan fanni. Wanda ya ga motsin nan a madubi, ya ji shi da yatsa, ba ya jin ciwo, zai iya yi a gida. Wanda ya kasa gano tsokar, ko yake jin ciwo, ko ya yi wata uku babu canji, zama ɗaya ko biyu da ƙwararre zai rage masa watanni na wahala. Suna da na'urar da ke nuna ƙarfin matsewa a allo, mutum ya ga da idonsa lokacin da ya dace da lokacin da ya kuskure. Wanda za a yi wa tiyatar cire furostet kuwa kada ya yi jinkiri. A wani gwaji na maza 102 a Beljiyam da aka wallafa a 2000, kashi 88 cikin 100 na masu atisaye sun iya riƙe fitsari wata 3 bayan tiyata, waɗanda ba su yi ba kashi 56. Manhajojin waya da ke tuna maka lokaci suna da amfani ga mai mantuwa, amma ba za su gaya maka ko tsokar da ta dace kake matsewa ba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan zance shi ne mutumin da zai zaɓi ɗaya daga cikin biyun ya ɗauka ya gama. Ruwa ba ya tsami banza. Hanyoyin jinin azzakari faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya 3 zuwa 4. Abin da ke toshe su ɗaya ne: hawan jini, suga, kitsen jini, taba. Ƙaramar hanya ita ke fara nuna alama, shi ya sa raunin miƙewa kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Abin kuma ya zama ruwan dare: wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 1994 ya samu kashi 52 cikin 100 na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni. Duk namijin da abin ya shafe shi wata uku a jere, musamman idan ya haura 40, ya je a auna masa jini da suga da kitsen jini, ya kai wa likita duk magungunan da yake sha, domin wasu na hawan jini da na damuwa su ma suna jawo matsalar. Kada dai ya daina wani magani da kansa.

A nan ne motsa jiki na gaba ɗaya ya shigo, wanda sau da yawa ake mantawa da shi idan ana maganar atisayen ƙasan mara. Tafiya da sauri, gudu, iyo, su ne ke gyara hanyoyin jinin kansu, aikin da ƙwaya ba ta yi, tsokar ƙasan mara ma ba ta yi. A Italiya an bi maza 110 masu ƙiba da raunin miƙewa tsawon shekara 2, aka wallafa sakamakon a 2004. Cikin waɗanda aka taimaka wa suka rage ƙiba suka ƙara motsa jiki, kusan kashi ɗaya cikin uku sun koma daidai. Abin da masana ke yawan ba da shawara ga mai wannan matsala shi ne kimanin minti 40, sau huɗu a mako, har wata 6. Mai tumbi da ke shan taba, idan ya ce in zaɓa masa abu ɗaya tak, tafiyar da barin tabar zan zaɓa masa kafin komai.

Idan ka yanke shawarar gwada atisayen, ka rubuta ranar da ka fara a wani wuri, ka rubuta kuma yadda kake a ranar: daƙiƙa nawa kake iya riƙewa, ko akwai ɗigo bayan fitsari, sau nawa a mako kake tashi da miƙewar asuba, sau nawa abin ya ƙi a wata. Canjin yana zuwa a hankali ne har mutum ya manta inda ya faro. Yawanci ɗigon fitsari ne ke fara ɗaukewa, sauran su biyo baya. Bayan mako 12 ka buɗe takardar ka kwatanta. Idan babu bambanci, ka ɗauke ta ka kai wa likita, domin ko ƙwaya ta gaza akwai sauran matakai: na'urar da ke zuƙo jini da zoben da ba ya wuce minti 30 a jiki, allurar da ake koya wa mutum yi da kansa, da tiyatar dasa abin miƙarwa ga wanda duk waɗannan suka ƙi.